Yadda Na Zama Acici a Zangon Kumasi

Tun da na dawo daga Gana ban sha shayi da zafinsa ba. Da na kai kofi baki sai wani ya tsugunna a ƙofar shagona ya ce, "Baba Iro, yaya Gana?" Kafin in kai shi iyakar farko shayi ya huce, wani kuma ya iso, a ce in komo daga tasha. Wasu ma ba Gana ce ta dame su ba. Sai su karkace hula su ce, "Wai da gaske ne kwano bakwai?" Don wani direban goro mai bakin ganga ya riga ni isowa Kaduna da labari.

To, na gaji. Na sayi littafin rubutu da biro. Bokona a aji uku ya tsaya, ranar da muka sami saɓani da hedimasta a kan bulala, shi yana ganin ta dace da bayana, ni ina ganin ba ta dace ba. Saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa. Ni ne Iro mai gyaran agogo na Makera. Abokin tafiyata kuwa, Alhaji Mudi tela, ya ba ni izini in faɗi kome har da nasa. Ya ce in na rage wani abu bai yafe ba.

Mudi ɗan kawuna ne, wato taubashina, mutumin da aka halatta mini in tsokana har bakin kabari. Da can ƙato ne. In ya hau acaɓa sai ka tausaya wa tayar baya. Ni na laƙaba masa Randa a wani gidan biki, yau shekara goma ko fiye, sunan kuwa ya bi gari har yaran unguwa suna rera shi. Ba a jima ba Mudi ya shiga azumi. Ya fara da Litinin da Alhamis, ya ƙara da fararen kwanaki, daga nan ya shiga azumtar ranakun da ko limaminmu bai san sunansu ba. Ya daina sa hannu a tiren majalisa. Mutane suka fara rage murya in ya wuce, mata suna aiko da jarirai ya tofa musu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne jikinsa: a wannan watan riga ta cika, a wata mai zuwa ta zama kamar an rataya ta a ƙusa. Nakan ce, "Randa ta koma tulu, tulu ya koma buta." Sai ya yi murmushi ya ci gaba da taka keke.

Shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa wa farar hula ragama, sai ga wasiƙa daga wana, Yaya Sule, wanda fataucin goro ya kai Kumasi tun ina saurayi, ya yi zamansa can. Zai aurar da ɗansa, in ban zo ba kada in ƙara kiransa Yaya. Na ce da Mudi, "Tashi ka raka ni, ko iskar teku ta hura butar nan." Muka yi takardar tafiya da katin allura mai ruwan ɗorawa. Mai hoto ya ce doka ce in cire hula. Sanƙon da na yi shekara talatin ina ɓoyewa, gwamnatin farar hula ta buga masa hatimi.

Bayan sallar asuba muka tashi daga garejin unguwar Talabijin. Ba mu wuce Kakau ba motar ta zama majalisar dokoki. Mutanen da bara ba sa iya tari in an ambaci gwamna, yau kowa da ƙudurinsa. Wani ya ce a rage kuɗin taki, wani ya ce a buɗe taga. Kusa da mu wata mata ce mai gilashi, Sista Rifkatu, nas ce a wani asibiti a Kakuri, tana zaune a Romi, za ta Ankara, babban birnin Gana, ganin 'yarta. Ta ɓare dafaffen ƙwai ta miƙo mana.

Na karɓa. Mudi ya ce, "Na gode, ina azumi."

Na ce, "Kai Randa, matafiyi an ɗauke masa na farilla ma, balle naka na ƙari."

Ya ce, "Kowa da tsakaninsa da Ubangijinsa."

Sista ta dube shi ta saman gilashi, ta miƙo mini nasa ƙwan.

A Lakwaja direba ya ce ba zai tsaya ba, ya makara. Nan fa aka tayar masa. Wani tsohon ma'aikacin masaƙa ya miƙe ya ce, "Wancan zamanin ya wuce! A kaɗa ƙuri'a!" Aka ɗaga hannuwa, masu son kifi suka lashe zaɓe da gagarumin rinjaye, direba ya karɓi kaye. Jama'a, in ba ku ci soyayyen kifin bakin gadar Lakwaja ba, kada ku ce kun ci moriyar dimokuraɗiyya. Na dawo mota ina lasar yatsa. Mudi bai sauka ba, amma ya tsare ni da tambaya: da yaji ko babu, tarwaɗa ce ko ragon ruwa, man ya ratsa shi? Na ce, "Waliyyi, wannan tambaya ta fi ta Walakiri." Ya kau da kai waje.

Mun kwana a Agege, a masaukin wani Bakano. Sauron Ikko ba ya kuka, sallama yake yi ya zauna. Da magariba na zuba ido in ga buɗa-bakin mai azumi. Dabino ɗaya, ruwa kofi biyu, sai wani ganye da ya jiƙa ya shanye yana yamutsa fuska. Shi ke nan. Ni kuwa na gama da malmalar amala biyu, baƙa ƙirin kamar an tuƙa ta da kwalta, amma ta san hanyar maƙogwaro.

Kashegari muka sha iyaka uku a yini ɗaya. A kowace sai jami'i ya dubi hoto, ya dube ni, ya yi nuni in cire hula. Sanƙona ya gaisa da ƙasa huɗu. A Kwatano 'yan acaɓa duk riga ɗaya suke sawa, ruwan ƙwai, kamar 'yan makaranta, ga mata zaƙaƙurai suna tuƙa babur da goyo a baya, ba mai ko waiwayarsu. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ana saƙale shi a hammata. Na sayi ɗaya, na rasa ta inda ake fara masa. Na ce wa mai sayarwa "na gode", ta ce "mesi", na ce ba sunana ke nan ba amma ba laifi. A Lome kuwa hanya ta bi ta bakin teku. Na yi salati da ƙarfi. Mu da muke taƙama da kogin Kaduna, ashe kwatami muke gadi.

A iyakar Gana, wurin da ake kira Aflawo, aka ce kowa ya sauko ya bi layi da ƙafa, kaya a hannu. Rana ta take. Ina gaba ina shirin cire hula karo na uku sai na ji rim a bayana. Na waiga, Mudi ne a ƙasa, hula can, takalmi can.

Wuri ya yamutse. Wani jami'i ya toshe hanci da hankici yana ta Turanci, abin da na tsinta a ciki kalma ɗaya ce, kwalara. Aka ja da baya aka bar mu a fili. Wani Bahaushe mai canji ya ce mini, "Malam, in suka sa ku a ɗakin can na masu cuta, sai bayan biki da suna za ku fito."

Sai ga Sista Rifkatu, wadda har nan muna mota ɗaya, ta keto layi. Ta durƙusa, ta kama hannunsa, ta buɗe idonsa, ta juya ta yi wa jami'in nan Turancin da ya sa ya cire hankici. Ta aika aka kawo ruwa ta kaɗa sukari da ɗan gishiri. Mudi ya farfaɗo, ya ga kofi a bakinsa, ya datse haƙora.

"Ina azumi."

Ta ce, "Alhaji, mu ma a coci muna azumi, amma ba ma yi har a kwashe mu a ƙasa. Yaushe rabonka da abinci?"

Ya ƙara datse haƙora.

Na ce, "Mudi, ko ka sha, ko in toshe maka hanci kamar akuya a ba ka."

Ya sha. Ana cikin haka masu bincike suka zazzage jakarsa, suka ciro ƙullin ganyen nan suna shinshinawa. Sista ta murza shi a hannu ta ce musu filasko ne, na wankin ciki. Suka bar mu muka wuce. Kafin mu rabu a Ankara ta ja ni gefe.

"Baba, ɗan'uwanka ba yau ya fara wannan ba. Ka sa masa ido. Ba lokacin da yake azumi ba, lokacin da yake ci."

Na ce, "Sista, ai wannan ba ya ci."

Ta ce, "Babu ɗan Adam da ba ya ci, sai dai wanda ba a gani. In kun dawo ku neme ni a Kakuri."

Na ce to, irin to ɗin da ake ce wa likita.

Kumasi! Gari ne a kan tudu da gangare, kore shar, ruwan sama ba ya neman izini. Zango kuwa sai ka rantse Tudun Wada ce aka ɗauko aka dasa: ga masallatai, ga masu tsire, ga Hausa a kowane baki, sai dai Hausar ta sha ruwan wata ƙasa. Yaya Sule ya rungume ni yana kuka, ya ce na tsufa. Na ce shi kuma ya zama kakan tsufa. Matarsa, wadda kowa ke kira Mma Memuna, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ne ƙanen naka? A Kaduna ba a dafa abinci ne?" Aka ba mu ɗaki a zaure na biyu.

Yanzu ku kasa kunne, ga inda kwano bakwai ya shigo. A layin su Yaya Sule, in an yi baƙo daga nesa, ba gidan da ya sauka kaɗai ke ciyar da shi ba. Kowane gida na maƙwabta sai ya aiko da kwanonsa da rana. Mu a nan, baƙo mai kunya yakan rage abinci a kwano don kada a ce mayunwaci ne. Su a layin nan akasin haka ne: in kwano ya koma da saura, ka ce wa matar gidan ba ta iya girki ba ke nan, kuma maganar za ta kai famfo.

Ranar farko kwano bakwai suka jeru. Ga wake da shinkafa da aka dafa da karan dawa har suka yi ja. Ga dokunu, wato tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ɓawo, da kifi da barkono. Ga fufu yana iyo cikin miyar gyaɗa, wanda aka gargaɗe ni kada in tauna, haɗiya ake yi. Na ce to me ya sa Allah ya ba ku haƙora? Ga soyayyar agada, wato babbar ayaba, da citta, ga tuwo da miyar ayoyo, ga wasu biyu da ban riƙe sunansu ba. Mudi ya ce yana azumi. Labari ya shiga cikin gida, mata suka ce masha Allah, baƙon Kaduna waliyyi ne. Ni na taɓa kwano biyu, na rufe sauran, Yaya Sule ya ja ni kasuwar goro. Mudi ya ce zai kwanta, jiri bai sake shi ba.

Da la'asar muna shigowa sai guɗa. Kwano bakwai a ƙofar ɗaki, fes, kamar an wanke. Mma Memuna tana tafa hannu.

"Iro! Na janye maganata. Kai da kake kamar sillen kara, ina kake kai shi? Ƙafarka rami ce?"

Na buɗe baki in ce ba ni ba ne, sai na ga mata bakwai suna kallona da fara'a, kowace tana jiran in yabi nata. Na ɗauka yaran gida ne suka yi mini aikin alheri. Kuma, in faɗi gaskiya, yabo yana da daɗi ko na ƙarya ne. Na shafa ciki na ce, "Haka muke a Kaduna." Mudi yana kwance ya juya wa ƙofa baya, yana nishi, wai canjin ruwa ne.

Kashegari kwanukan suka dawo, kowanne ya ƙara girma. Ranar ban fita ba. Na yi iya yina, na kasa gama ko uku. Mudi yana kan buzu da carbi, ko kallo bai yi ba. Kwanuka suka koma da saura, layi ya ɗauki zafi. Wata ta aiko a tambaye ni laifin miyarta. Wata tsohuwa ta kawo mini jiƙon saiwa mai ɗacin tsiya, wai na buɗe ciki ne, ta tsaya sai da na shanye. Rana ta uku ma haka. Na rame a gidan yawa.

Rana ta huɗu Asabar ce, ranar da Asantawa, 'yan asalin garin, ke bikin mutuwa. Aka ce in zo in ga abin mamaki. Kuma na gani: jama'a cikin ja da baƙi, an kafa rumfa, ana kiɗa ana rawa, ana bi layi ana gaisawa, hoton mamaci ya fi ƙofar shagona girma. Na ce in mutuwa haka take a nan, ai sai mutum ya yi kwaɗayi. Sai hadari ya haɗo, na tuna na bar lema, na ce bari in koma da gudu.

Na tarar da ƙofar ɗakinmu a sakace, da tsakar rana. Na zaga ta taga.

Mudi ne a tsugune a tsakiyar kwanuka. Hannu biyu yake ci. Fufu, agada, dokunu, duk ya haɗa, yana turawa ba tauna ba numfashi, miya tana bin gwiwar hannunsa tana ɗiga a riga. Shekara goma ina jiran rana irin wannan. Maganar ta riga ta hau harshena: na kama waliyyi! Har na ja numfashi.

Sai ya ɗago, na ga fuskarsa. Hawaye ne ke zuba. Na sha ganin mayunwaci yana ci, na sha ganin makwaɗaici yana ci, duka biyun akwai jin daɗi a fuskarsu. Wannan babu. Kamar wanda ake kora da bulala.

Na haɗiye maganata, ta fi fufu wuyar wucewa. Na koma ƙofa na ƙwanƙwasa a hankali. "Mudi, ni ne. Ni kaɗai."

An daɗe kafin sakata ta motsa. Ya koma ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannun riga.

"To, ka samu," in ji shi. "Je ka faɗa. Ka kai har Makera."

Na mayar da sakata na zauna. "Tun yaushe?"

"Tun shekarar da matata Hajiya ta rasu. Na dawo gida ba mai jirana a kan kwano, sai in ci nawa in ci nata. Ana nan ka sa mini sunan nan, yara suka bi ni da shi har ƙofar masallaci. Na ce bari in yi azumi in rage. In yi kwana uku, huɗu, daga dabino sai ruwa. Sai wani abu ya taso mini, Iro. Ba yunwa ba ce, na san yunwa. In ya taso ba na ganin kome sai na ga ƙasan tukunya. In na gama sai in tsani kaina, in sha filasko, in ce gobe azumi, in rama wanda na karya. Ramuwar ce ke jawo wani cin. Shekara goma ina zagaya wuri ɗaya kamar jakin niƙa." Ya share hanci. "Ana kawo mini jarirai in yi musu addu'a. Ni! Na sha rubutu, na yi hayaƙi, na ce ko aljani ne. Ka rufa mini asiri, don zumunci."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Sai muka ji takun Mma Memuna da tawagarta, sun zo kwasar kwanuka. Na fizge rigar Mudi na cusa a ƙarƙashin katifa, na jefa masa bargo. Na dangwali miyar gyaɗa na shafa a gemu da gaban riga, na buɗe ƙofa, na saki gyatsar da na tattaro tun daga yatsun ƙafa.

"Allahu akbar, jiƙo ya yi aiki!" in ji tsohuwar nan. Aka rangaɗa guɗa. Daga ranar sunana ya tashi daga Iro ya koma Acicin Kaduna. Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Amma ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Kashegari aka ɗaura aure, aka yi walima a filin layi, maza ɗari da wani abu a kan tabarmi. Ina zaune lafiya sai na ga ƙarti biyu sun ɗauko wani daro, irin wanda ake wa jarirai wanka, cike da shinkafa da rabin rago a kai. Suka dire shi gabana. Maroƙi ya ɗaga murya: "Ga na Acici! Baƙon Alhaji Sule, mai kwano bakwai, wanda ba ya barin na kare! Jama'a a matsa a gani!" Aka kewaye ni. Mata suna leƙe ta kan katanga. Mma Memuna ta ce, "Yau ido zai ga abin da kunne ya ji."

Na dubi daro, daro ya dube ni. In na kasa, za a ce to wa ke cinye kwano bakwai? Ɗakin kuwa mu biyu ne a cikinsa, ko yaro ya iya wannan lissafi. Na hangi Mudi a gefe da carbi, fuskarsa ta yi fari fat. Shi ma ya gama lissafin.

Na miƙe na gyara hula, na yi gyaran murya irin ta 'yan majalisa.

"Jama'ar Zango! A ƙasarmu an yi canji. Zamanin da mutum ɗaya zai zauna ya cinye na kowa ana kallonsa ya wuce, mun sallame shi. Yanzu daro na jama'a ne. Ba zan sa hannu ba sai da wakilai." Aka fashe da dariya. Na ce, "Wakilin farko, taubashina Alhaji Mudi. Liman, don Allah a yi mana fatawa: matafiyi, a ranar walima, an gayyace shi, ya ci ko kada ya ci?"

Limamin Zango, wani dattijo mai raha, ya ce, "Ya ci mana! Mai azumin nafila sarkin kansa ne, kuma amsa gayyata lada ne."

Ido ya koma kan Mudi. Shekara goma ba wanda ya ga hannunsa a kwano. Ya taso kamar mai tafiya a kan ƙaya, ya zauna kusa da ni. Na sunkuya kamar ina gyara tabarma, na ce masa a kunne, "Loma ɗaya ni, loma ɗaya kai. In na tsame hannu, ka tsame."

Na kira ango, na kira Yaya Sule, na kira maroƙin ma don bakinsa ya sami aiki. Muka yi bismilla. Ina ci a hankali ina surutu, Mudi yana bin hannuna da ido kamar mai koyon ɗinki. Da na ji na ƙoshi, na tsame. Na ga yatsunsa sun tsaya a kan shinkafa, sun daɗe. Gumi ya keto masa. Sannan ya janye hannu, ya lashe, ya ce alhamdu lillahi. Ba wanda ya lura, ana ta wawason rago. Ni kaɗai na san abin da aka ci a wurin, kuma ya fi zaɓen Lakwaja.

A hanyar dawowa haka muka yi ta yi, kwano ɗaya, daga Ankara har Lakwaja, inda ya ci kifin da ya yi mini tambayar Walakiri a kansa. Ya ce na rage masa daɗinsa a labari. Filasko kuwa na zuba shi a teku a Lome, in kifayen Togo sun yi gudawa ni ne.

Mun nemi Sista Rifkatu a Kakuri. Ta kai shi wurin wani likita mai sauraron damuwar mutane, wanda ya ce wannan ciwo ne sananne, ba aljani ba ne, ba kuma haɗama ba, yana kama mace yana kama namiji, kuma horon yunwar nan shi ke kiran cin. Ya ce ya riƙa ci sau uku a kan lokaci, cikin mutane, ya riƙa dawowa suna magana. Mudi da ƙafarsa ya je ya gaya wa limaminmu kome. Liman ya ce jiki amana ne, ya ajiye nafila sai ya warke. Ba zan ce muku ya warke ba. Akwai ranar da abin ke taso masa, akwai ranar da yake kayar da shi. Bambancin shi ne yanzu in ya faɗi, ƙofata yake bugawa, ba ƙullin ganye ba.

Sunan nan da na sa masa na binne shi a Kumasi. Duk wanda na ji ya tono shi, agogonsa ba zai ƙara gyaruwa a Makera ba. Nawa kuwa ku ci gaba da kira, Acici dai, na saya da kuɗina.

Ga azahar ta gabato, na hango Mudi ya tsallako titi da kwano a hannu, zan ajiye biro in share tebur. Masu kawo jarirai a tofa musu, ku dakata mu gama. Yau Litinin ce, kuma dambu ne.